Kasuwar iskar gas ta LNG a lokutan karayar tattalin arzikin duniya

Iskar gas ta LNG gas ne da ake haƙowa daga ƙasa, a sanyaya shi har ya kai kusan digiri 162 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyas, ya koma ruwa. A wannan hali girmansa yakan ragu kusan sau 600, sai a loda shi a manyan jiragen ruwa zuwa ƙasashen da bututu ba ya kaiwa. Ya bambanta da gas ɗin girki na tukunya, wato LPG. Sau biyu a wannan ƙarni kasuwar ta haɗu da karayar tattalin arzikin duniya, a 2008 zuwa 2009 da kuma 2020. Duka biyun farashi ya faɗi warwas, amma yawan gas ɗin da jirage suka yi dako bai ragu ba.

Asalin kasuwar

Jirgin farko da ya ɗauki LNG ya ƙetare teku shi ne Methane Pioneer, wanda ya tashi daga jihar Louisiana ta Amurka zuwa Ingila a 1959. Ciniki na sosai ya fara ne a 1964, lokacin da Aljeriya ta soma aika wa Birtaniya daga tashar Arzew. Japan ta shigo a 1969 da gas daga Alaska, ta kuma daɗe tana riƙe da kambin babbar mai saye. Daga nan Brunei, Indonesiya, Maleshiya da Ostireliya suka biyo baya. Ƙatar ta fara fitarwa wajajen ƙarshen 1996 zuwa farkon 1997, Najeriya kuma a 1999.

Masana'antar sanyaya gas tana cin biliyoyin daloli, gininta kuma yakan ɗauki shekara huɗu zuwa biyar. Bankuna ba sa ba da bashin irin wannan aiki sai sun ga mai saye a hannu. Shi ya sa aka gina kasuwar a kan kwangiloli masu tsawo, na shekara 20 ko 25, waɗanda farashinsu ke bin na ɗanyen mai. Akasarinsu suna ɗauke da sharaɗin cewa ko mai saye ya karɓi kayan ko bai karɓa ba, sai ya biya kuɗin wani kaso da aka yanke. Gefe guda kuma akwai cinikin nan take, inda ake sayar da lodin jirgi ɗaya a farashin ranar. A nan ne ake fara jin zafin karayar tattalin arziki. Masana'antar da aka yanke shawarar ginawa lokacin wadata tana iya kammaluwa a tsakiyar kunci, kuma da wuya mai ita ya rufe ta ga bashi a wuyansa.

Rikicin 2008 zuwa 2009

A watan Yulin 2008 gangar ɗanyen mai ta kai kusan dala 147. Kafin ƙarshen shekarar ta sauko ƙasa da dala 40. Bayan durƙushewar bankin Lehman Brothers na Amurka a watan Satumba, masana'antu a Japan, Koriya ta Kudu da Turai suka rage aiki, buƙatar gas a duniya ta ragu da kusan kashi 2 cikin ɗari a 2009.

Daidai wannan lokaci sabbin masana'antu suka fara aiki. Ƙatar ta buɗe manyan layukanta na sanyaya gas, kowanne mai iya samar da tan miliyan 7.8 a shekara, har ta kai tan miliyan 77 wajajen ƙarshen 2010. A 2009 kaɗai aka ƙaddamar da Sakhalin a Rasha, Tangguh a Indonesiya da masana'antar Yaman. An gina wani ɓangare na waɗannan ne da sa ran Amurka za ta saye, har an kafa tashoshin saukale a gaɓar tekunta. Sai ga shi sabuwar fasahar fasa duwatsun ƙarƙashin ƙasa ta ba Amurka gas nata mai yawa. Farashin cikin gidanta ya faɗo daga kusan dala 13 a kan kowane MMBtu, wato ma'aunin da ake sayar da gas da shi, a tsakiyar 2008 zuwa ƙasa da dala 3 a Satumban 2009.

Jiragen da suka rasa kasuwa sai suka karkata Turai, musamman Birtaniya, inda aka buɗe tashar South Hook a yankin Wales a 2009. Gas ɗin kasuwar nan take ya yi araha fiye da na kwangila, manyan kamfanonin Turai irin su E.ON da Eni suka matsa wa kamfanin Gazprom na Rasha da sauran masu sayar musu a sake zama kan farashi. Masana da yawa suna ganin daga nan Turai ta fara raba farashin gas da na mai. Rarar kayan ba ta daɗe ba: kasuwa ta farfaɗo a 2010, sannan hatsarin tashar nukiliyar Fukushima na Maris 2011 ya sa Japan ta rufe tashoshin nukiliyarta ta ƙara sayen gas. Tashar Sabine Pass ta Amurka da aka gina don shigo da kaya an juya ta ta zama ta fitarwa, lodinta na farko ya tashi a Fabrairun 2016.

Faɗuwar farashin mai ta 2014 zuwa 2016 ta taɓa ayyukan Ostireliya masu tsada, irin su Gorgon, amma ba a lissafa ta cikin karayar tattalin arzikin duniya.

Annobar korona

Dama kasuwa ta cika ta batse tun 2019. A Fabrairun 2020 kamfanin CNOOC na Sin ya nemi a ɗauke masa karɓar wasu lodi bisa uzurin abin da ya fi ƙarfinsa. Shell da Total suka ƙi. Masu saye a Indiya ma sun kawo irin wannan uzuri a Maris. Zuwa ƙarshen Afrilu farashin nan take a Asiya ya sauko ƙasa da dala 2, abin da ba a taɓa gani ba.

Wannan karon Amurka ce ta ɗauki nauyin rage kaya, domin kwangilolinta sun ba mai saye damar soke lodi muddin ya biya kuɗin sanyayawa. An soke lodi sama da 100 a watannin tsakiyar shekara, fitarwar ƙasar a Yuli ta gaza rabin ta Janairu. Masar ma ta kusan dainawa. Duk da haka jimillar cinikin duniya a 2020 ta kai kusan tan miliyan 356, ta ɗan ɗara ta 2019.

Inda aka fi ji shi ne zuba jari. A 2019 an amince da sabbin ayyuka na kusan tan miliyan 70 a shekara, a 2020 kuwa guda ɗaya tak, Costa Azul a Meziko. Sanyin hunturu ya ɗaga farashin Asiya sama da dala 30 a Janairun 2021. A Fabrairu Ƙatar ta amince da faɗaɗa samarwarta zuwa tan miliyan 110 a shekara.

Najeriya

Kamfanin NLNG da ke tsibirin Bonny a jihar Ribas yana da layukan sanyaya gas shida masu ƙarfin tan miliyan 22 a shekara. NNPC ke da kashi 49, Shell 25.6, TotalEnergies (wato Total a da) 15, Eni 10.4. An amince da layi na bakwai a Disamban 2019, aka kuma sa hannu kan kwangilar gininsa a Mayun 2020, ana tsakiyar annoba.

Saɓanin masana

Ana ja-in-ja kan ko dakatar da jari a 2020 ne ya jawo tsadar gas ta 2021 da 2022. Wasu sun yarda, wasu kuma suna cewa aikin da aka fasa a 2020 ai ba zai kammalu kafin 2024 ba, don haka suna ɗora alhakin a kan rage gas ɗin bututu daga Rasha da yaƙin Yukren.