Matsin kuɗi a asibitoci da cinikin na'urorin jinya

Na'urorin jinya sun haɗa da sirinji da safar hannu, da ƙarfen da ake maye gurbin gwiwa ko ƙugu da shi, da na'urar daidaita bugun zuciya, har zuwa manyan injunan ɗaukar hoton cikin jiki. A da, likitan fiɗa ne ke zaɓar abin da za a dasa wa majinyaci, asibiti ya saya, sannan ya ɗora kuɗin a kan kamfanin inshora ko gwamnati. Ba kasafai ake tsayawa ciniki ba.

Lamarin ya fara sauyawa a Amurka a 1983, lokacin da shirin Medicare, wato inshorar lafiya ta gwamnati domin tsofaffi, ya koma biyan asibiti ƙayyadadden kuɗi bisa rukunin cutar da aka kwantar da mutum dominta. Jamus ta ɗauki irin wannan tsari a farkon shekarun 2000. Daga nan duk abin da aka kashe kan na'ura daga aljihun asibiti yake fita. A 2016 Medicare ya ƙara matsa lamba a wasu yankuna, inda ya ɗora wa asibiti alhakin kuɗin aikin gwiwa ko ƙugu har kwana 90 bayan sallama.

Wannan ne ya sa ikon zaɓe ya tashi daga hannun likita shi kaɗai ya koma ga kwamiti mai likitoci, ma'aikatan jinya da jami'an sayayya. Kwamitin yakan nemi hujjar cewa sabuwar na'ura tana rage kwanan asibiti ko sake yin fiɗa kafin ya yarda da ƙarin farashi. Asibitoci kuma suna haɗa kai su saya ta hannun ƙungiyoyin sayayya irin su Vizient da Premier, su rage yawan kamfanonin da suke hulɗa da su domin samun rangwame. Abin takaici, yarjejeniyoyi da yawa suna hana bayyana farashi, kuma a 2012 ofishin binciken kuɗin gwamnatin Amurka ya gano cewa asibitoci na biyan kuɗi mabambanta ƙwarai kan na'ura iri ɗaya.

Wasu gwamnatoci sun shiga cinikin da kansu. Indiya ta ƙayyade farashin ɗan bututun wayar da ake buɗe jijiyar zuciya da shi a Fabrairun 2017. Sin kuwa ta haɗa buƙatar asibitocin gwamnati wuri guda a 2020, farashin wannan bututun ya faɗo daga kusan yuan 13,000 zuwa kusan yuan 700.

Kamfanoni ma sun canza salo. Maimakon sayar da inji kai tsaye, sukan ba da shi haya tare da gyara da horar da ma'aikata, ko su girka na'urar gwaji a ɗakin awo da sharaɗin a riƙa sayen sinadaran gwajin daga wurinsu.

Rangwamen yana da nasa haɗari. Dogaro da mai kawo kaya ɗaya kan jefa majinyata cikin wahala idan masana'anta ta tsaya, kamar yadda aka gani a Satumbar 2024, sa'ad da guguwar Helene ta rufe masana'antar Baxter da ke North Carolina, asibitocin Amurka suka shiga ƙarancin ruwan da ake ƙara wa majinyata ta jijiya har wasu suka ɗage aikin fiɗa.