In cutar numfashi ta sake tasowa, me doka ta ce kan iyakar Ɗan Isa?

Da zarar hunturu ya shigo, tari da mura suka yi yawa, sai ka ji ƴan kasuwar Maraɗi suna tambayar juna ko za a sake rufe hanyar Jibiya, wadda ke shiga Najeriya ta iyakar Ɗan Isa. Ba su yi laifi ba. Wanda ya ga 2020, tun daga 19 ga Maris da aka samu mutum na farko mai korona a Nijar, har rufe iyakoki da masallatai, dole gabansa ya faɗi.

Akwai dokar lafiya ta ƙasa da ƙasa ta 2005, wadda ta fara aiki a 2007 ƙarƙashin hukumar lafiya ta duniya, OMS. Nijar da Najeriya duk suna ciki. Abu na farko da ta ɗora wa gwamnati shi ne kada ta yi rufa-rufa: in an tantance ɓullar sabon nau'in mura mai kama mutane, ko cutar numfashi mai tsanani da ake kira SARS, a sanar da OMS cikin awa 24.

Rufe iyaka fa? Dokar ba ta hana ba, amma ba ta sakar wa kowa mara ba. Sashe na 43 ya ce ƙasar da ta hana matafiya shiga, ko ta tsare su fiye da awa 24, ta kai wa OMS hujjarta cikin awa 48, kuma ta sake duba matakin cikin wata uku. Sai dai OMS roƙo take yi, ba ta da jandarma.

Inda ya fi shafar mai ɗauke da buhun wake zuwa Katsina shi ne sashe na 23, na 31, na 32 da na 40. Ma'aikacin lafiya zai iya auna zafin jikinka, ya tambaye ka inda ka fito. In ka ƙi, suna da ikon mayar da kai. Amma in aka killace ka, abinci, ruwa, wurin kwana, magani da tsaron kayanka duk suna wuyan hukuma. Ba a karɓar ko dala don awon tabbatar da lafiyar matafiyi ko don killace shi, sai dai wanda ya zo neman izinin zama. Yawancinmu ba mu san wannan ba, shi ya sa hannu ke saurin shiga aljihu.

In wani ya ce ka biya a bakin shinge, tambaye shi cikin ladabi: "Ranka ya daɗe, kuɗin mene ne, kuma ina rasit?"