Waiwaye: Daga madugu zuwa manaja, wa ke yanke shawara a wuraren aikin Kano?

"Sai Alhaji ya zo." Amsar da ake yawan samu ke nan a kamfanoni da manyan shagunan Kano, ko da kuwa mai ba da ita manaja ne da digirinsa.

Ba haka abin ya faro ba. A zamanin fatauci, ayarin da ya tashi daga Kano zuwa Gwanja sayo goro kan yi watanni a hanya, kuma duk shawara tana hannun madugu: inda za a ya da zango, abin da za a biya sarakunan hanya, ko a sauya hanya in an ji labarin 'yan fashi. Attajirin da ya zuba jari yana gida, ba shi da ta cewa sai ayari ya dawo. Nisa ne ya tilasta masa sakin ragama. Shi ma yaron gida haka ya koyi aiki, daga dakon kaya zuwa riƙe kuɗi, zuwa tafiya shi kaɗai, har ranar da maigida zai sallame shi da jari.

Da layin dogo ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, tsarin bai rushe ba. Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, da wakilai ya gina arzikinsa, mutanen da ake damƙa wa kuɗi su shiga ƙauyuka su yi ciniki da hankalinsu.

Sauyi ya zo da masana'antun Bompai, Sharaɗa da Challawa, da kuma dokar gwamnatin Gowon ta 1972 wadda ta mayar da hannayen jarin kamfanonin baƙi da dama ga 'yan ƙasa. Aka samu manaja da akanta da daraktoci, amma a gidaje da yawa muƙami kawai aka raba, iko yana wurin mai dukiya. Da tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 da matsalar lantarki suka durƙusar da masaƙu, masu kuɗi suka ƙara ƙanƙame komai.

A ganina wayar salula, da ta shigo a 2001, ita ta ƙarasa aikin. Ko Alhaji yana Dubai ko yana Saudiyya wajen Umara, za a kira shi a kan ragin kuɗin dila ɗaya a Kantin Kwari. Ina manaja zai koyi yanke shawara?

Yau ana koyar da dabarun shugabanci a makarantar kasuwanci ta Ɗangote da ke Jami'ar Bayero, ga kuma bitoci a otal-otal, wasu dai don alawus ake zuwa. Ilimin yana da amfani. Sai dai wanda ya dawo daga bita bai isa ya sa hannu a cekin sayen gas na janareta ba, sau da yawa sai ranar rabon gado ake gane babu wanda aka koya wa riƙon kamfanin.