Me ake nufi da tsarin cikin gida?

Idan aka ce tsarin cikin gida, hankalin mutane da yawa yakan tafi ga fenti da labule da silin mai fitilu. Waɗannan ado ne, kuma su ne na ƙarshe. Tsari shi ne shawarar da ake yankewa tun kafin a haƙa harsashi: wane ɗaki zai zauna ina, girmansa nawa, ta ina za a shiga, wa zai ga wa, ta ina iska za ta ratsa. Mai zanen gini da ya san aikinsa yakan fara da tambaya. Mutum nawa za su kwana a gidan? Mata nawa? Akwai tsohuwa da ba ta iya hawa matakala? Da gas ake girki ko da itace? Ana kawo amfanin gona gida?

Magabata sun san wannan. Zaure, shigifa, tsakar gida, turaka, kowanne da aikinsa, kuma ƙofar zaure ba ta kallon ta shigifa, don kada wanda ya yi sallama ya hango matan gida. Yau a sababbin unguwannin Birnin Kebbi da Gusau za ka ga an kwafo zanen da falo ɗaya ne hanyar kowa, har sai uwargida ta ratsa ta gaban baƙin maigida kafin ta kai kicin. A fili mai ƙafa 50 da 100 ana iya fitar da falon baƙi da ƙofarsa da bayinsa, a bar wa iyali tasu ƙofar ta gefe, ba tare da an ƙara kuɗin kirki ba.

Inda aka fi yin asara shi ne awo. An saba da ɗaki mai ƙafa 12 da 12, amma sau da yawa magini daga waje yake aunawa. In aka cire kaurin bulo mai inci 9 da filasta, abin da zai rage a ciki bai wuce ƙafa 10 da rabi ba, wani lokaci ma ƙasa da haka. Ranar jere ake gane wannan. Gadon amarya mai ƙafa 6 da 6 yana cin kusan 6 da rabi da katakonsa, sif kuma zurfinsa ƙafa 2 ne. Saura ƙafa 2, a nan za a buɗe murfin sif, a nan za a wuce, madubi bai ma samu wuri ba. Sai ka ga gwaggon amarya tana cewa, "Ku jawo shi gaban taga, ba yadda za a yi." An toshe taga ke nan, kuma zafin watan Afrilu yana jira. Ɗakin ma'aurata ya kamata ya kai ƙafa 12 da 14 a ciki, a bar aƙalla ƙafa 2 da rabi a kowane gefen gado. Ƙofar ɗaki ta zama ƙafa 3, a sa ta kusa da kusurwa don bango ya samu tsawon jingina kaya. Baranda ta cikin gida kada ta gaza ƙafa 4, domin wata rana za a fito da mara lafiya a riƙe.

Sai zafi. A Kebbi da Zamfara, daga Maris zuwa Mayu zafi yakan haura digiri 40. Bangon yamma shi ke shan ranar la'asar, ya riƙe zafin, ya dinga sakinsa har tsakar dare. Don haka ba a sa ɗakin kwana a yamma in da hali. A ajiye bayi da matakala da ɗakin tarkace a can su zama garkuwa. Manyan tagogi su kalli arewa da kudu, kowane ɗaki ya samu taga a bango 2 don iska ta shiga ta fita. Taga ɗaya tak, komai girmanta, iska ba ta zagayawa, fanka kuwa zafin kawai take juyawa. Silin ya kai ƙafa 10 daga daɓe. Gabas ma tana da nata: daga can hadari ke tasowa da damina, ruwa ya bugi bango, sai a tsawaita bakin rufi ya kare tagogin.

A kicin, tsayin kanta ya zama kamar ƙafa 3, faɗinta 2, wurin wanke-wanke a ƙarƙashin taga, tukunyar gas kuma a waje cikin keji mai shan iska. Gidan da ake tuƙa tuwon mutum 15 ba zai rabu da murhun itace ba, gara a tanadi madafi a tsakar gida tun farko, da ƙofar da ta haɗa shi da kicin. Sito ya kasance kusa da ƙofar waje, a ɗora buhunan shinkafa da gero a kan katako, nesa da bangon bayi saboda danshi.

Bayi kuwa a jera su a layi ɗaya ko baya da baya, bututu ya gajarta, toshewa ta ragu. A duba alƙibla, wadda a yankinmu take gabas da ɗan karkata zuwa arewa, kada mazaunin ya fuskance ta ko ya ba ta baya. Ramin sokawe ya yi nisa da rijiya gwargwadon yadda fili ya bari, mita 15 ne mafi ƙaranci.

Kafin a sa bulon farko, a zana ɗakunan da toka a kan filin, a zana gado da kujeru da girmansu na gaskiya, maigida da uwargida su taka ciki su gani. A nan ne za a nuna wa mai wayarin inda soket zai zauna, don kada ya faɗa bayan sif, a kuma ware wa batir da inbata na sola lungu mai iska wanda yara ba sa kaiwa.