Waiwaye: Yadda Ida Tarbell ta tone asirin Standard Oil

Kafin mota ta yawaita a Amurka, kananzir ne gaba a kasuwar mai, domin da shi ake kunna fitila a gidaje. Kamfanin Standard Oil, wanda John D. Rockefeller ya kafa a Cleveland a 1870, ya yi babakere a kan wannan kasuwa, har zuwa 1880 kusan kashi 90 cikin ɗari na man da ake tacewa a ƙasar yana hannunsa.

A kan layin dogo aka ƙulla abin. A 1872 Rockefeller ya shiga wata yarjejeniyar sirri da kamfanonin jiragen ƙasa, za a yi masa rangwame a kuɗin dako, sannan duk gangar da abokin hamayyarsa ya loda, a yanki wani kaso daga kuɗin da ya biya a miƙa wa Rockefeller. Wato da guminka ake ciyar da mai neman durƙusar da kai. Masu haƙar mai a Pennsylvania suka yi bore, yarjejeniyar ta rushe, amma kafin nan ya riga ya haɗiye matatu 22 cikin 26 na Cleveland.

Cikin waɗanda abin ya girgiza akwai mahaifin Ida Tarbell, wadda daga baya ta zama 'yar jarida, lokacin tana 'yar shekara 14. Ɗan jarida Henry Demarest Lloyd ya fara bankaɗo lamarin a 1881, sai dai aikin Tarbell ne ya fi ratsa jama'a. Daga Nuwamban 1902 ta fitar da rahoto kashi 19 a mujallar McClure's. Abin da ya fi burge ni shi ne haƙurinta: ta bi takardun kotu da shaidun da aka bayar gaban majalisa shafi-shafi, ta kuma zauna da Henry Rogers, ɗaya daga cikin manyan kamfanin, ta ji ta bakinsa. Wani yaron ofis na kamfanin da aka sa ya ƙona takardu ya ga sunan malaminsa a ciki, wani mai ƙaramar matata. Takardun suka nuna ma'aikatan jirgin ƙasa na tsegunta wa kamfanin inda 'yan hamayya ke aika kayansu, kuma takardun suka iso hannun Tarbell.

A watan Mayun 1911 Kotun Ƙoli, bisa dokar Sherman ta 1890 mai hana babakere a kasuwanci, ta raba kamfanin gida 34. Abin takaici, hannayen jarin suka tashi, Rockefeller ya ƙara arziki. Daga cikin waɗancan rassa ne ExxonMobil da Chevron suka samo asali, waɗanda suka daɗe suna haƙar mai a Najeriya.