Yaron da ba ya waiwayowa in an kira sunansa

Ranar awo ce. Wata uwa ta jira sai da layi ya watse, sannan ta matso kusa da teburina. Ba jaririn da ke goye ne ya kawo ta ba. Ɗanta ne mai shekara 3, yana gefe yana jera murafan kwalba a kan siminti, in ɗaya ya kauce sai ya fasa ihu. Ta ce, "Malama, in kira shi sau goma ba zai waiwayo ba, amma ko daga wane ɗaki aka buɗe ledar biskit sai ya ji. Surukata ta ce ni na jawo, wai na yi wanka bayan magariba ina da cikinsa."

Ba ita ta jawo ba. Abin da muke kira galahanga, likitoci su ce otizim, bambanci ne a yadda ƙwaƙwalwa ke ginuwa tun yaro yana ciki, kuma gado yana da babban kaso a ciki. Ba sammu ba ne, ba kambun baka ba ne, yaron kuma ba ɗan ruwa ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 yana da shi, kuma an fi gano shi a tsakanin maza. Ɗora wa uwa laifi ma ba mu muka fara ba. Bayan likita Leo Kanner ya bayyana lalurar a Amurka a 1943, daga nazarin yara 11, an kwashe shekaru a can ana cewa rashin jan yaro a jiki daga uwa ne sanadi. Bincike ya rushe wannan zance, amma bayan ya ƙona zuciyar uwaye da yawa.

Akwai kuma masu cewa allurar rigakafi ce. Tushen maganar wani rahoto ne da likitan Ingila Andrew Wakefield ya fitar a 1998 kan yara 12. A 2010 mujallar likitoci ta Lancet, wadda ta buga shi, ta janye rahoton, shi kuma aka ƙwace masa lasisin aiki. Abin da ke rikita iyaye shi ne alamomin suna bayyana a shekarun da ake kai yaro rigakafi. Don Allah kada a hana ƙannensa allurar ƙyanda saboda wannan.

Abin da nake so kowace uwa da kowace kaka su lura da shi: yaro ya shekara ba ya amsa sunansa, ba ya haɗa ido da mai ba shi nono, ya kai wata 18 ba ya nuna abu da yatsa don a gani tare, ko ya fara cewa "mama" da "baba" sai kalmomin suka ɓace. Wani yana kaɗa hannuwa ko ya yi ta juyi. Wani yana maimaita abin da aka faɗa masa maimakon ya ba da amsa. Ƙarar injin niƙa ko janareto na iya sa shi toshe kunne yana birgima, mutane su ce rashin tarbiyya ne, alhali ƙarar zafi take yi masa.

Maganar da ta fi cutar da yaran nan a wurina ita ce, "A ƙyale shi, haka babansa ya yi nauyin baki." Da ita ake cinye shekarun farko, waɗanda a cikinsu ƙwaƙwalwa ta fi karɓar koyo. A fara da gwajin ji, domin kurumta ma tana hana magana. Daga nan a ga likitan yara. Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, duk wurare ne da ake iya tura yaro. Babu maganin sha da ke kawar da galahanga, duk wanda ya ce yana da shi kuɗinku yake so. Amma farfaɗiya, wadda takan zo tare da lalurar, tana da magani, matsalar barci ma ana taimaka mata.

Addu'a kuwa a yi ta, babu mai hanawa. Duka da turara hayaƙi a fuska da ɗaurin mari ne ba su da wuri a jikin yaro.

A gida ake yin mafi yawan aikin. Ki zauna ƙasa daidai tsayinsa, ki shiga wasan da yake yi. In murafai yake jerawa, ki miƙa masa ɗaya ki ce "ungo", ki jira. Kalma ɗaya ko biyu, kullum iri ɗaya. Lokacin abinci da wanka da barci kada ya riƙa sauyawa. In bakin bai buɗe ba, a koya masa nuna kofi ko hoton abin da yake so. Wasu za su yi magana har su yi karatu mai zurfi, wasu za su buƙaci mai kula da su har girma.

In makaranta ta mayar da shi saboda lalurarsa, ku sani akwai dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta kuma ba su haƙƙin karatu kyauta har sakandare.

Na rubuta wa matar takardar turawa, na ce ta dawo da maigidanta, in da hali har da surukar. Bayan sati biyu suka zo su uku. Hajiya ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "'Yata, to yanzu me zan riƙa yi masa?" Na ce, "Hajiya, ki riƙe shi awa ɗaya da rana, uwarsa ta samu ta runtsa."