Kare wayar intanet da aka ja zuwa wani gini a harabar gida

Wayar intanet ta waje ita ce kebul ɗin da ake ja daga na'urar rarraba intanet ta cikin gida zuwa wani gini daban a harabar gidan, kamar sito, ɗakin maigadi, ɗakin ajiyar kayan lambu, ko kejin kaji da aka kafa wa kyamarar tsaro. Yawanci nau'in Cat5e ne ko Cat6, mai siraran wayoyin tagulla takwas da aka murɗe bibbiyu. Bisa ƙa'idar Ethernet, wato tsarin haɗa na'urori da irin wannan waya, tsawonta kada ya wuce mita 100, nisan da gidaje kaɗan ne a Kaduna ke kaiwa. Abin da ya fi kashe ta shi ne rana da ruwa, haƙoran dabbobi, da tsawa.

Rana da ruwa

Wayar cikin ɗaki rigarta ta roba ce mai laushi da ake kira PVC. Idan aka ɗaure ta a jikin katanga, zafin watan Maris da Afrilu ya dake ta, hunturu ya busar da ita, sai ta koɗe ta yi tsatstsage kamar faso a dunduniya. Da zarar damina ta kankama, ruwa ya bi tsagar ya shige ciki. Ba nan take intanet ke ɗaukewa ba: da farko gudunta ke raguwa, kyamara ta riƙa yankewa duk ranar da aka yi ruwa, har tagullar bakin filogi ta yi tsanwa. Wayar waje ta gaskiya baƙa ce, rigarta ta roba mai tauri da ke jure hasken rana, wadda ake binnewa kuwa akan cika cikinta da wani maiƙo mai hana ruwa tafiya. Mai saye ya kankare bakin waya ɗaya ya duba, domin akwai ta alminiyam da aka yi wa fentin tagulla, cikinta fari ne, kuma tana saurin karyewa.

Inda wayar za ta shiga bango, a bar ta ta ɗan yi lanƙwasa ƙasa kafin ta hau ramin, ruwa ya ɗiga a nan maimakon ya bi ta zuwa ɗaki.

Dabbobi

Haƙoran gaba na ɓera da gafiya da kurege ba sa daina tsiro har mutuwarsu, shi ya sa suke gaigayar duk abin da suka samu mai ɗan tauri. Gafiya ta fi son haƙa rami a gindin katanga da bakin magudana, daidai inda masu aiki suka fi son shimfiɗa waya. Gara ma takan huda roba mai laushi idan ta tare mata hanya, akuya kuwa ba ta ƙyale wayar da ke reto kusa da bakinta.

Maganin duk wannan shi ne bututu. Ana haƙa rami mai zurfin santimita 45 zuwa 60, a zuba yashi, a kwantar da bututun roba mai kauri, a sake rufe shi da yashi, sannan a jera bulo ko a shimfiɗa leda mai launi a sama don mai fartanya ko diga ya ankara tun bai kai ga bututun ba. A unguwannin da ƙasa ke da marmara haƙan yana da wuya, sai a ga an yi rami na taƙi ɗaya an rufe, kuma wannan ganganci ne, domin ruwan Agusta kaɗai ya isa ya tone shi. Inda bututu ya fito daga ƙasa gara a sa na ƙarfe, a toshe bakinsa da ragar ƙarfe. Kuskuren da ake yawan yi shi ne zura wayar cikin ɗaki a bututu da tunanin ta tsira. Bututun da ke ƙarƙashin ƙasa ko ba jima ko ba daɗe sai ya tara ruwa, don haka wayar da ke cikinsa dole ta zama ta waje. Kada kuma a haɗa ta a bututu ɗaya da wayar wutar lantarki.

Tsawa

Wannan ce bututu ba ya iya tarewa. Hadarin farkon damina da na ƙarshenta a Kaduna da tsawa yake zuwa, kuma ba sai aradu ta faɗa kan gidan ba. Ko a maƙwabta ta sauka, doguwar tagullar da ke tsakanin gine-gine biyu takan kwashi ƙarfin wuta ta kai shi ga na'urorin da ke bakinta biyu, su ƙone. Ana rage haɗarin da na'urar tare ƙarfin wuta a kowane baki, a haɗa ta da sandar ƙarfe da aka kafa a ƙasa. Wanda ke da hali ya fi dacewa ya ja wayar faiba, wadda zarenta na gilashi ne, haske take ɗauka, wuta ba ta bin ta. Sai dai tana buƙatar na'urar juya sigina a kowane ɓangare, kuma ba ta kai wa kyamara wuta kamar yadda ta tagulla ke iya yi, saboda haka dole ginin da aka kai wa wayar ya kasance da tasa wutar, ko ta sola ce.